Ɗaurin Ganuwa da Kiran La'asar

Ni tela ne. Shagona yana layin masu kayan babur a Daura, kuma karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar na fita. Na faɗi haka ne don kada a zaci wani gwani ne ke ba da labari. Mutum ne mai taurin kai, wanda wasan kati ya kusa raba shi da maƙwabcinsa, kuma har yau in ya tuna abin sai ransa ya sosu.

Katunan a cikin dilar gwanjo suka zo mana. Wani abokinmu mai gwanjo, wanda kayansa ke shigowa ta kan iyakar Kongolam, ya kwance dilar kayan wasan yara sai ya tarar da kwalaye cike da su. Ba irin kartar da aka sani ba ce. Kowane kati da hotonsa, wani mayaƙi, wani kura, wani ganuwa, wani tsawa, a ƙasa kuma an rubuta abin da yake yi. Har zai zubar, maƙwabcina ya hana shi. Maƙwabcin nan nawa ɗan ƙabilar Ibo ne, Kirista, mai sayar da kayan gyaran babur. A Daura aka yaye shi, kuma in ana cacar baki Hausarsa ta fi tawa kaifi. Ni ina ce masa Oga, shi yana ce mini Tela. Shi ya binciko ƙa'idodin wasan a waya ya koya wa majalisarmu.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Kowa yana zaɓar katunan da yake so ya haɗa su, ya ɗaure da roba, shi ne muke kira ɗauri. Biyu da biyu ake yi. Abokan wasa suna zama kafaɗa da kafaɗa, kuma ransu ɗaya ne: ƙwallayen dabino muke zubawa a murfin kwano, duk bugun da ya same ku a ɗebe muku, in murfinku ya zama wayam kun faɗi. Ƙananan katuna tun farko ake iya sauke su. Manya kuwa sai wasa ya yi nisa, ƙarfinka ya taru, sannan su sauku.

Da malamin unguwa ya ji ana kati a ƙofar shagona, da kansa ya zo. Ya zauna ya kalli wasa guda har ƙarshe, ya tabbatar ba a sa ko sisi, sannan ya ce ba zai hana ba amma da sharaɗi. In ladan ya ɗaga murya, wasa ya ƙare. Ba ajiyewa za a yi a dawo a ci gaba ba, a tattara katunan a cakuɗa su, wanda murfinsa ya fi ƙwallaye a lokacin shi ya ci. Na ce masa, "Allah gafarta Malam, ai sai a kife su kawai, in an idar a ɗora." Ya dube ni ya ce, "Wanda ya bar wasa a buɗe, da shi zai tsaya a sahu." Duk muka amince. Tsakanin Azahar da La'asar muke yi, lokacin da rana ta kori masu ciniki, don haka kiran La'asar ne alƙalinmu.

Ni da Oga muka zama abokan wasa, don shagunanmu a jere suke kuma bencin nasa ne. Sai dai tun daga makon farko aka ga ba hanyarmu ɗaya ba. Shi ɗaurin gaggawa yake yi. Katunansa duk ƙanana ne, kuraye da 'yan mashi da mahaya, ya watsa su tun kafin abokin hamayya ya gyara zama. In ya ci, ya ci da wuri. In bai ci ba, hannunsa ya ƙare, sai ya zauna yana kaɗa ƙafa. Ni kuwa ɗaurin ganuwa nake yi. In gina katanga, in ƙara wata a bayanta, in yi ta tare bugu ina jira. Abin da nake jira kati ɗaya ne, wani ƙaton maciji mai tasowa daga ruwa, wanda in ya sauka yana share duk abin da ke gaban abokin hamayya. Musayarsa na yi da mai gwanjo, na ɗinka masa kaftani da hannuna. Mutanen majalisa suka sa masa suna na Kusugu, don macijin rijiyar nan ta tarihin Daura.

Ina son katin nan fiye da yadda ya kamata babban mutum mai iyali ya so takarda. Na ɗinka masa 'yar riga ta leda. Matsalarsa ɗaya ce, shi ne kati mafi tsada a wajen ƙarfi, sai wasa ya kai ƙarshe yake saukuwa. Kafin nan kuma kullum mu ne a ƙasa, don ganuwa ba ta bugun kowa.

"Tela," in ji Oga wata rana, bayan ladan ya yanke mana wasa muna baya, "na Kusugu na gaskiya ma an ce yana barin mutane su ɗebi ruwa ran Juma'a. Naka ko Juma'a ba ya leƙowa."

"Da ka riƙe kurayenka ka bar ni na gina, da yanzu wani labari ake yi."

"Ka gina me? Gidan sama? Tun ɗazu ni kaɗai nake faɗa, kai kana zaune a bayan katanga kamar mai gadin makabarta."

"Haƙuri ne ba ka da shi, Oga."

"Ina da shi. Ladan ne ba shi da shi."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce. Mai hankali zai duba ya ga cewa a majalisar da kiran salla ke yanke wasa, ɗauri mai jiran ƙarshe bai dace ba, ya rage katanga ya ƙara abin bugu. Ni ban yi haka ba. Sai na juya kan ladan.

Ladanmu tsoho ne, ƙafarsa ɗaya tana ciwo, da sanda yake tafiya. Daga gidansa zuwa masallaci dole ya bi ta ƙofar shagona. Masallacin kuwa kusa ne ƙwarai, in ka yi tari a shagona wanda ke alwala zai iya ce maka sannu. Na lura in na hango farar hularsa a kwanar layi, to saura kaɗan. Da farko agogo kawai na mayar da shi. Daga baya, wata rana da macijin yana hannuna kuma zagaye ɗaya ya rage mini, sai na tsinci kaina a tsaye ina cewa, "Baba, barka da fitowa. Ya ƙafar?"

Ya tsaya. Ya ce ƙafa da sauƙi. Na tambayi gida, na tambayi jikoki, na tambayi ɗansa da ke aiki a Katsina, na tambayi akuyarsa da na ji an ce ta haihu. Ina gaisuwa ina miƙa hannu baya ina sauke kati. A ranar dai na Kusugu ya fito, muka ci.

Daga nan ya zama mini sana'a. In muna gaba, sai in ɗaga masa hannu daga zaune. In muna baya kuma maciji na kusa, sai in miƙe har da rusunawa. Na san sunan maganin ƙafarsa, na san wace jika ce ke tari, na san rigimarsa da maƙwabcinsa a kan magudanar ruwa. Kowa a majalisa ya gane abin da nake yi. Wasu na dariya, wasu na tsaki. Ba wanda zai iya cewa an karya doka, don ba wanda ya taɓa hana gaida tsoho. Wanda abin ya fi damu shi ne Oga, mutumin da ba ya cikin sahun da ake jinkirta wa kira.

"Ni ba sallarku nake yi ba," ya ce mini muna rufe shago, "amma kunya nake ji. Kana tsare dattijo a rana da ciwon ƙafa saboda takarda."

"Gaisuwa ce. Laifi ne?"

"To me ya sa ba ka gaishe shi ran da muke ci?"

Na yi kamar kwaɗon shago ne ya ƙi rufuwa.

Ana nan sai mutanen garin Mashi suka aiko za su zo. Wa da ƙane ne, masu harkar awaki, wajen Oga suke sayen kayan babur, kuma shi ya koya musu wasan. Sun samo nasu katunan ta Nijar, sun kafa tasu majalisar, har sun fara cika baki cewa 'yan Daura sai surutu. Majalisa ta zaɓe ni da Oga mu tare su. Na san ba don ni aka zaɓa ba.

Ana gobe za su zo, Oga ya shigo shagona ya ajiye wasu katuna a kan keken ɗinki. Katunan tsawa ne, masu fasa ganuwar abokin hamayya.

"Ka cire katangarka kaɗan ka sa waɗannan. Ban ce ka cire macijin ba, na san gara a ce ka cire haƙori. Amma ka ji ni da kyau, Tela. In muka faɗi gobe saboda kana jiran abin nan, na gama zama da kai. Mai gwanjo ya daɗe yana nemana."

Wannan maganar ta shige ni. Mai gwanjo ba shi da abokin wasa tsayayye, kuma na san in Oga ya tafi ba wanda zai karɓe ni. Duk majalisar an san ɗaurina, ba mai son ya yi ta faɗa shi kaɗai. Ba wasan kawai zan rasa ba. Shekaru muna zaune a benci ɗaya, kwano ɗaya muke sa hannu in an kawo abinci daga gidana, shi ya kai matata asibiti a babur ran da ba na gari. Na ce masa to, zan sa.

Na zauna na baje ɗaurina a kan teburin yanka. Na ɗauki wannan ganuwar, na ga ai ita ke tare kuraye. Na ɗauki waccan, na ga ai ita ke tare mahaya. Kowace na taɓa sai ta zama ita ce ba a iya rabuwa da ita. Ƙarshe na buɗe aljihun keken ɗinki, na zuba katunan tsawar a cikin zare da allurai, na rufe. Na gaya wa kaina cewa mutanen Mashi a wajen Oga suka koya, to gaggawa za su yi irin tasa, su zo su fasa kai a katangata.

Sun iso bayan Azahar, babur ɗaya, ƙura har gira. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo shayi, majalisa ta kewaye mu. Wan ya tambaya, "Dokar ladan tana nan ko?" Aka ce tana nan. Ya ce madalla, ya kalli ƙanensa. Da ina da wayo da tun a nan na gane.

Sun fara kamar yadda na zata. Ƙananan mahaya suka sauko da gudu, suka ɗebe mana ƙwallaye kaɗan kafin katangata ta tashi. Na ce a raina, ku zo. Sai suka daina zuwa. Ƙanen ya sauke ganuwa. Wan ya sauke wata. Suka ƙara, suka ƙara, har gabansu ya zama kamar nawa. Sannan wan ya ɗauki kofin shayinsa ya jingina da bango.

Ashe ba don su ƙarar da mu suka haɗa ɗaurinsu ba. Don dokarmu suka haɗa shi: ka ɗan wuce gaba da wuri, ka rufe ƙofa, ka jira ladan. Abin da ni na kasa koya a ƙofar shagona, su sun koya daga Mashi.

Oga ya yi ta tura kurayensa suna mutuwa a jikin katanga. Ya matso ya yi mini raɗa, "Sauke tsawa."

Na ce, "Ba ta zo hannu ba tukuna."

Zagaye ya sake zuwa. "Tela, tsawa."

"Tana tafe."

Ya dube ni, ya dubi ɗaurin da ke gabana, sannan ya juya ya dubi keken ɗinki a cikin shago. Ban san yadda aka yi ya sani ba. Wataƙila fuskata ce. Ya ci gaba da sauke abin da ya rage masa.

Ƙanen ya ce, "Maigida Tela, ko mu aika a sayo maka siminti? Na ga ginin bai kai linta ba."

Wan ya ce, "Bar shi, kai. In ya gama mu kama haya."

Aka yi dariya, har da 'yan majalisarmu. Na haɗiye, don a daidai lokacin na ja kati, sai ga na Kusugu a hannuna. Na lissafa ƙarfina. Zagaye ɗaya ya rage. In ya sauka, duk katangarsu ta tafi, kurayen Oga biyu da suka rage su shiga su gama aiki. Na ɗaga kai, sai ga farar hula a kwanar layi.

Na miƙe. Ban ma yi shawara ba, ƙafafuna sun riga sun saba. Na buɗe baki na ce, "Baba, barka da..."

Oga ya riga ni. Ya ajiye katunansa a kife, ya taka ya tayar da baburinsa da ke jingine, ya tsaya a gaban tsohon.

"Baba, ranar nan ta yi zafi, ga ƙafa. Hau in ƙarasa da kai."

Tsohon ya ce, "A'a ɗan nan, ai ga masallacin nan."

"Hau dai, Baba. Tela zai gaishe ka in an idar, yau gaisuwar tasa mai tsawo ce."

Ina tsaye da maciji a hannu na ga an ɗora ladan a babur, an yi da shi tafiyar da ko akuya ba za ta kira tafiya ba. Da ƙafa da sandarsa, ko ban gaishe shi ba, wataƙila da zagayen ya iso kaina. A babur kuwa, kafin ƙanen ya gama tunanin katin da zai sauke, kuma ya ɗauki lokacinsa, lasifika ta yi ƙara.

Wan ya sa hannu ya tattara katuna. Aka dubi murafe, nasu ya fi namu da abin da bai cika tafin yaro ba. Na juya macijin na nuna musu, na ce, "Ku duba. Zagaye ɗaya." Wan ya karɓa ya jujjuya, ya yaba rigar ledar, ya ce, "Kyakkyawa ne kuwa. Me yake yi?"

Sallar La'asar ta ranar, Allah Ya yafe mini, ban san me na karanta a cikinta ba. An cakuɗa katunan kamar yadda malam ya ce, amma ni da wasan na tsaya a sahu, ina ta sauke maciji ina share katanga har aka yi sallama.

Da na fito na sami Oga na ce, "Kai ka kayar da mu. Da hannunka."

Ya ce, "Buɗe aljihun kekenka ka ba ni katunana."

Na buɗe na ba shi, zare ya nannaɗe su. Ya warware a hankali, ya sa a aljihu, ya ɗauki bencinsa ya mayar ƙofar shagonsa. Tsakanin inda bencin yake da inda ya koma bai fi tsawon tabarma ba, amma washegari mai gwanjo ne a kai, a gefen da nake zama.

Na zama ɗan kallo. Ina taka keke ina jin su suna watsa kuraye su biyu, ba mai tsaro, ba mai tunanin gobe, kuma abin haushi suna ci. Abinci in an kawo daga gida ni kaɗai nake ci, har matata ta tambaya ko Oga ba shi da lafiya ne, kwano na dawowa da saura. Ladan kuma na daina tare shi, don ba ni da abin jira. Ina ganinsa in sunkuyar da kai kan ɗinki.

Rannan sai ya tsaya da kansa a ƙofar shago, ya dogara sanda. Ya ce, "Tela, laifin me na yi maka? Ka daina tambayata ƙafa. Duk layin nan kai kaɗai ne ka san jikata ta warke ko ba ta warke ba."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce masa ba komai, aiki ne ya yi yawa, ya wuce kada ya makara, zan zo gida. Na je kuwa bayan Magariba, kuma ina zuwa har yanzu. Ban taɓa gaya masa dalilin gaisuwar farko ba, ba na jin zan iya.

Da lokacin ramuwa ya yi, Oga da mai gwanjo suka hau babur suka tafi Mashi. Sun dawo ba wanda ya yi magana, sai a bakin wani na ji cewa tun kafin shayi ya huce aka gama da su, don ba wanda ya tare musu ko bugu ɗaya. Na yi niyyar in yi shiru. Ban iya ba. Na leƙa shagonsa na ce, "Oga, na ji an ce a Mashi ko ladan ba a jira ba."

Ya ci gaba da jera fulogi a kwali. Can ya ce, "Kawo ɗaurinka."

Na kawo. Ya cire robar, ya baje a kan kanta, ya zare rabin ganuwata ya ture gefe, ya cusa tsawa a madadinsu. Ina kallo kamar ana yanka mini sabon yadi ba awo. Sannan ya ɗauki na Kusugu da rigarsa ta leda, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya danna maɓalli.

"Wannan a wajena zai zauna. Ran Juma'a in ba ka ka yi wasa da shi, in an tashi ka dawo mini da shi. Ka yarda, in dawo da benci. Ba ka yarda ba, ga hanya."

Na ce zalunci ne. Na ce katin da gumina na same shi, kaftani na ɗinka. Na ce ɗauri ba maciji ai ba ɗauri ba ne. Ya ce duk ya ji, na yarda ko ban yarda ba? Na kama ƙafar benci ɗaya, ya kama ɗaya, muka mayar da shi inda yake.

Yanzu muna ci fiye da da, kuma ba na son a tuna mini. Ran Juma'a yana miƙo mini macijin kamar yadda ya yi alkawari. Sai dai kafin a sauko daga masallaci, a ci abinci, majalisa ta taru, abin da ya rage zuwa La'asar ba ya isa ko katanga ta biyu ta tashi. Oga ya san da haka tun ranar da ya zaɓi Juma'a. Ina riƙe katin, in hango farar hula a kwanar layi, in ɗaga hannu daga zaune, in an kira salla in mayar masa da abinsa ya sa a aljihu.